Badagiri Da Bakin Tekunta

Ya ku 'yan makaranta, na san da yawa cikinku ba su taɓa ganin teku ba sai a taswirar da ke rataye jikin bangon aji, inda aka shafa masa shuɗi. Ni ma da haka na ke, har Allah ya nufe ni da zuwa Ikko, daga can na zarce wani tsohon gari da a ke kira Badagiri, na tsaya bakin Tekun Atlantika da ƙafafuna. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Saboda haka na ga ya kamata in ba ku labarin abin da na gani, in haɗa muku da abin da masu tarihi suka tabbatar. Gama garin nan, ko da ya ke yana nesa da mu, akwai tsohuwar hanya tsakaninsa da Kano da Sakkwato, kakanninmu kuwa sun bi ta, waɗansu da son ransu, waɗansu a ɗaure.

Inda Garin Ya Ke

Ku buɗe taswirar Nijeriya, ku ɗora yatsa bisa Ikko, ku ja shi yamma bin gaɓa. Kafin ku kai iyakarmu da ƙasar Benin, wadda da a ke kira Dahomai, za ku tarar da Badagiri. Tsakaninta da Ikko kimanin mil 40 ne. Amma kada ku zaci teku yana bakin ƙofar gidajen mutane. Tsakanin gari da teku akwai wani gulbi mai faɗi, kwantacce, ba ya gudu kamar Kwara, ya miƙe bin gaɓa tun daga ƙasar Benin har Ikko. Bayan gulbin sai wani siririn tudun rairayi, bayan tudun sa'an nan teku.

Ga yadda aka yi tudun nan ya samu. Iskar wannan gaɓa galibi daga kudu maso yamma ta ke busowa, saboda haka raƙuman ruwa ba su dukan gaɓa sosai da sosai, sai a karkace. Kowane raƙumi ya zo sai ya ɗan tura rairayi wajen gabas. Yau da gobe, shekara da shekaru, rairayin ya taru ya zama katanga, ya tare ruwan kogunan da ke gangarowa daga tudu, suka rasa mafita, suka kwanta a bayansa. Ku riƙe wannan da kyau, domin arzikin Badagiri da komawarta baya duka daga gulbin nan suka fito.

Yawancin mutanen garin Egun ne, waɗanda kuma a ke kira Ogu, tare da waɗansu Yarabawa da a ke kira Awori. Sana'arsu su, da noman kwakwa da rogo, da saƙar tabarma, da fatauci a bakin iyaka.

Asalin Garin

Tun da daɗewa akwai ƙauyukan masunta da manoma a wannan wuri, amma bai zama babban gari ba sai a ƙarni na 18. Sanadin abin kuwa yaƙi ne. Wani Sarkin Dahomai mai suna Agaja ya ci garin Alada a 1724, ya kuma ci Wida a 1727. Waɗannan su ne manyan garuruwan ciniki na wannan gaɓa a zamanin. Jama'arsu suka watse, da yawa suka shiga jiragen kwalekwale suka bi gulbi suka yi gabas, don mayaƙan Dahomai gwanayen yaƙin ƙasa ne, ba su saba da ruwa ba.

Cikin waɗanda yaƙin ya kora har da wani Bature ɗan kasuwa, mutumin Holan, sunansa Hatog. Da yana zaune a wani gari Jakin. Da Agaja ya ƙone Jakin a 1732 sai ya gudu zuwa Afa, a 1736 kuma ya kafa gidan cinikinsa a Badagiri. Jiragen Turawa suka fara biyo shi, masu gudun hijira suka taru a gefensa. Bai daɗe ba, aka kashe shi a 1738. Mutanen garin suna tunawa da wani Bature da su ke kira Huntokonu, har suna nuna kabarinsa, masu tarihi kuwa sun ce shi ne Hatog ɗin nan.

Da ya ke jama'a daga wurare dabam dabam suka zo, sai garin ya tashi unguwa unguwa, har guda 8, kowace da mai sarautarta. Akwai Akiran, da Wawu, da Fosu, da Mobi, da Jengen, da sauransu. Daga baya ne Akiran ya zama babba a kansu duka. A zamanin da mu ke magana kowane mai unguwa yana da Turawan da ya ke ciniki da su, wannan da Ingilishi, wancan da mutanen Fotugal, wani da Faransawa. Kowa na jan ruwa zuwa gonarsa, ba su da baki ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 1784 rundunar Dahomai, da yardar Sarkin Oyo da taimakon jiragen Ikko, ta auka wa garin ta rushe shi. Aka sake gina shi, amma rabuwar kan nan ba ta bar shi ba.

Hanyar Katunga

To, me a ke saye da sayarwa a Badagiri? Abin da ya fi kawo jiragen Turawa shi ne mutane. Wannan magana ba ta da daɗin ji, amma ba shi yiwuwa a ba da tarihin garin a tsallake ta.

Arewa da Badagiri akwai babbar daular Yarabawa ta Oyo, wadda Hausawa ke kiran babban birninta Katunga. Ƙarfin Oyo a kan dawaki ya ke, dawakin kuwa daga arewa a ke kai mata su, ta hanyar Nufe da Bargu. Fatake su kan gangara da dawaki da kanwa da fatu, su kan gangara kuma da bayi. Waɗansu bayin su kan tsaya a Oyo, suna kiwon dawaki da shanu, suna wanzanci da tufkar igiya. Sauran a kan wuce da su kudu. A ƙarshen ƙarni na 18 Oyo ta karkato da cinikinta zuwa Ajase da Badagiri, ta hanyar Ilaro da Ijanna da Ifokiya. Turawa su karɓi mutane, su ba da taba ta ƙasar Barazil, da barasa, da yadi, da bindigogi, da albarushi, da wuri.

Kun san wuri, kuɗin da kakanninmu suka yi ciniki da shi kafin zuwan kwabo da sule? To, ba a ƙasarmu a ke samunsa ba. Ƙwanson wata 'yar halitta ce ta cikin teku, mafi kyawunsa daga tsibiran Maldib a ke tsinto shi, can cikin Tekun Indiya. Jiragen Turawa su kai shi Turai, su sake lodinsa su kawo wannan gaɓa, daga nan ya hau kan jakuna da 'yan alaro har kasuwar Kurmi. Ashe wurin da wata tsohuwa ta sayi daddawa da shi a Kano, mai yiwuwa ne da farko kuɗin kan wani ɗan Adam ne.

A 1807 Majalisar Ingila ta hana mutanenta cinikin bayi, ta kuma sa jiragen yaƙi suna tsaron gaɓa. Duk jirgin bayin da suka kama sai su kai shi Firitawun ta ƙasar Saliyo, a saki mutanen. Amma cinikin bai mutu nan da nan ba. Barazil da Kyuba suna bukatar masu aikin rake, yaƙe-yaƙe kuwa sun yi yawa a ƙasar Hausa tun daga 1804, da ƙasar Yarabawa tun daga tawayen Ilori na 1817. Kowane yaƙi ya kan bar kamammu. Masu lissafin tarihi sun ƙiyasta mutanen da aka ɗora wa jirage daga Afirka zuwa ƙetaren Atlantika sun kai kimanin miliyan 12 da rabi, cikinsu wajen miliyan 2 daga wannan yanki na gaɓa suka fita. Wida ta fi Badagiri fitar da mutane nesa ba kusa ba, daga baya Ikko ma ta fi ta. Duk da haka Badagiri ta ɗauki rabonta na wannan alhaki.

Baƙin Sarkin Musulmi

A ƙarshen 1825 wani jirgin Ingila ya sauke baƙi a Badagiri. Shugabansu shi ne Kyaftin Kilafaton, wanda mutanenmu suka sani da suna Abdullahi. Ba baƙon ƙasar Hausa ba ne. Ya riga ya ƙetaro hamada daga Tarabulus, ya sauka Kukawa a 1823, ya shiga Kano da Sakkwato a 1824, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Bello ya ba shi takarda zuwa ga Sarkin Ingila, a ciki ya yarda zai hana fatakensa kai bayi wajen Atagara da Dahomai da Asante, a buɗe ciniki tsakanin ƙasashen biyu. Amsar wannan takarda ce Kilafaton ya komo da ita, wannan karo ta hanyar teku.

Suka tashi daga Badagiri ran 7 ga Disamba 1825. Kafin wata ya cika zazzaɓi ya kashe abokan tafiyarsa biyu. Shi da baransa Landa suka ci gaba, suka bi ta Katunga, da Kayama, da Busa, suka ƙetare Kwara, suka ratsa Nufe da Zazzau, ba su isa Kano ba sai cikin Yuli 1826. Ku duba, fiye da wata 7 ke nan a kan tafiyar da jirgin sama ya kan yi yanzu daga Ikko kafin a gama dafa tuwo. Da ya isa Sakkwato sai ya tarar ana yaƙi da Barno, shi kuwa yana ɗauke da kyauta zuwa ga Shehun Barno. Aka hana shi wucewa, maganar da ya zo da ita ta lalace. Ciwo ya kama shi, ya mutu ran 13 ga Afrilu 1827, aka binne shi a wani ƙauye kusa da Sakkwato.

Landa ya kwashe takardun ubangidansa ya komo Badagiri cikin Nuwamba 1827. Nan ya gamu da wata masifa. Masu cinikin bayi, mutanen Fotugal, suka gaya wa manyan gari wai ɗan leƙen asiri ne, in aka bar shi zai jawo musu jiragen yaƙi. Aka kai shi ɗakin tsafi gaban jama'a, aka miƙa masa ƙwarya cike da wani ruwa mai ɗaci, irin abin da mu ke kira shan gwaska: in mai laifi ne ya mutu, in ba shi da laifi ya tsira. Ya shanye, ya yi sauri ya koma masaukinsa, ya sha maganin amai ya amayar. Da aka ga ya kwana ya tashi sai aka ce gaskiyarsa ce ta fisshe shi.

Wannan bai sa ya yi fushi da hanyar ba. Ran 22 ga Maris 1830 ya sake sauka Badagiri tare da ƙanensa. Suka tarar da malamai Hausawa zaune a garin, har suka je kallon Idin ƙaramar Salla. Daga nan suka tafi Busa da Yawuri, suka shiga kwalekwale suka bi Kwara har ta kai su teku cikin Nuwamba na shekarar. Da haka Turawa suka san inda Kwara ta ke faɗawa, abin da suka daɗe suna gardama a kansa.

Akwai mutum guda cikin tafiye-tafiyen nan da ba a cika ambatonsa ba, ya kuwa kamata ku san shi. Sunansa Abubakar, Turawa na kiransa Fasko, mutumin Gobir ne. An kama shi an yi ta sayarwa hannu hannu har bakin teku, aka sa shi a jirgin bayi, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi, ya zauna yana aikin jirgi. Shi ne ya yi wa Kilafaton tafinta, shi ne kuma ya sake raka Landa a 1830. Ba don harshensa ba, da wuya baƙin nan su sami ko masauki. Ya bar ƙasar Hausa a ɗaure, ya komo mata ta Badagiri yana gaban ayari.

Makaranta Da Bene

Mutanen da aka saki a Saliyo ba su manta da gida ba. Tun daga wajen 1839 waɗansu Yarabawa cikinsu suka fara haɗa kuɗi suna shiga jirgi suna sauka Badagiri, daga nan su wuce Abekuta. Su ne suka aika suna roƙon a turo musu malaman addininsu na Kirista. Ran 24 ga Satumba 1842 wani mai wa'azi, Firiman, ya iso daga Gwalkwas. Ubansa baƙin mutum ne, uwarsa Baturiya. Cikin Disamba wani kuma, Taunsan, ya iso daga Saliyo, suka yi bikin Kirsimeti tare a gindin wata babbar itaciya da a ke kira Agiya. Itaciyar ta faɗi a 1959, an gina alama a gurbinta.

A 1843 aka buɗe wata 'yar makaranta ta yara, a 1845 aka buɗe wata. Suna cikin makarantun boko na farko a ƙasar da yanzu a ke kira Nijeriya. Allon da ke gabanku, da alli, da layin da ku ke yi da safe, in kun bi sawunsu za su kai ku garin nan. A 1845 ɗin ne kuma mishan suka gina wani gida mai hawa biyu da rufin kwano, yana nan tsaye har yanzu yana fuskantar gulbi. Na hau shi, matakalarsa ta katako ce, tana ƙara in an taka. Masu nuna shi su kan ce shi ne bene na farko a Nijeriya. Sai dai a ce na farko irin ginin Turawa, gama Kilafaton da kansa ya ga gidaje masu bene a Kano tun 1824.

Cikin waɗanda suka zauna Badagiri a lokacin har da Ajayi Kurauda. An kama shi yana yaro a 1821, aka sa shi a jirgi a Ikko a 1822, jirgin yaƙi ya ƙwato shi, ya yi karatu a Saliyo. Daga Badagiri ya wuce Abekuta a 1846, a can ya sadu da mahaifiyarsa bayan rabuwar shekara 25. A 1864 ya zama Bishop, ya kuma yi babban aiki wajen juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci.

Yadda Ikko Ta Sha Gabanta

Hausawa sun ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. A 1845 Kosoko ya ƙwace sarautar Ikko daga hannun Akitoye, Akitoye ya zo ya fake a Badagiri. Garin ya rabu biyu, waɗansu na bayan wannan, waɗansu na bayan wancan. Cikin Yuni 1851 faɗa ya tashi, wuta ta cinye yawancin gari. Cikin Disamba na shekarar jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Ikko ruwan wuta, suka kori Kosoko, suka mai da Akitoye. A 1852 manyan Badagiri suka sa hannu a takardar barin cinikin bayi. Ingila ta karɓe Ikko a 1861, ta karɓe Badagiri a 1863. A wannan shekara ce Gulofa, wanda ke riƙe da mulkin Ikko, ya tara waɗansu Hausawa, yawancinsu bayin da suka gudu daga iyayengijinsu, ya ba su bindigogi. Daga wannan 'yar ƙungiya a ke ƙirga asalin sojan Nijeriya.

Tun daga nan 'yan kasuwa da mishan suka yi ta kwashe kayansu suna komawa Ikko. Dalili kuwa shi ne gulbin da na ce ku riƙe. A Ikko gulbin yana da ƙofa zuwa teku, a Badagiri babu. Jirgi ya kan tsaya can nesa, a yi ta jigila da kwalekwale cikin raƙuman ruwa, a sauke a kan rairayi, a ɗauka a ka, a sake ƙetare gulbi. Mutum yana tafiya da ƙafafunsa, shi ya sa cinikin bayi ya jure wannan wahala. Gangar manja kuwa ba ta da ƙafa. Da aka gyara mashigin Ikko, jirgin ƙasa kuma ya isa Kano a 1911, sai gyaɗa da fata da auduga duka suka bi ta can. Badagiri ta koma garin masunta da masu kwakwa.

Ƙetarawa Zuwa Bakin Teku

Kafin in ƙetare, sai da aka zaga da ni gidajen ajiye kayan tarihi. Ɗaya tsohon ofishin Di'o ne, ɗaya na zuriyar Mobi. Na ga sarƙoƙin wuya, da mari na ƙafa, da waɗansu ƙanana da aka ce na yara ne. Aka ɗora mini sarƙa guda a wuya, ban iya jure ta ko minti 2 ba. Aka kai ni kuma gidan Seriki Abas, wanda ya rasu a 1919. Mutanen garin sun ce shi kansa da bawa ne, aka kai shi Barazil, ya komo ya zama mai tsare bayi, daga baya ya zama babban mai sarauta. Kalmar Seriki ɗin nan kuwa sarki ce tamu, Yarabawa suka ara. Na shiga ɗaya daga cikin ɗakunan da a ke kulle mutane. Ƙarami ne, tagarsa ɗaya can sama, ba ta fi a zura hannu ba.

Daga nan na shiga jirgi mai inji, cikin 'yan mintoci muka sauka a tsallake, wurin da a ke kira Giberefu. Hanya ce ta rairayi, ta ratsa tsakanin ciyawa da itatuwan kwakwa, tafiyar kimanin rabin sa'a. A tsakiyarta akwai wata tsohuwar rijiya. Masu ja-gora su kan ce an zuba mata magani, duk bawan da ya sha sai ya manta da garinsu. Ko an zuba ko ba a zuba ba, za ku ji nan gaba cewa ba su manta ba.

Tun ban ga teku ba na fara jin rurinsa, kamar tsawa mai nisa wadda ba ta ƙarewa. Da na hau ƙarshen tudu, sai ga shi! Ruwa iyakar ganin ido, ba tsallake, ba tsibiri, sama ta sauko ta haɗu da shi. Raƙumi ya taso ya fi tsayin mutum, ya naɗe, ya fashe da farin kumfa, ya shimfiɗo har ƙafafuna, ya koma yana jan rairayin da na ke tsaye a kai. Na ɗanɗana ruwan, na tofar. Cikin kowane kashi 100 na ruwan teku, wajen kashi 3 da rabi gishiri ne. Sau biyu a yini da kwana ruwan ya kan cika ya hau gaɓa, sa'an nan ya janye, jan da wata ke yi masa ne ke kawo haka.

Wurin yana da kyau ƙwarai. Iska mai sanyi na kaɗa ganyen kwakwa, ƙananan ƙaguwa suna tsere suna shigewa ramukansu, can gefe masunta sun yi layi suna jan taru da waƙa. Wani yaro ya sare mini ɗanyar kwakwa na sha ruwanta. Amma ina yi muku gargaɗi, in Allah ya kai ku, kada wanda ya ce ya iya iyo a kududdufin garinsu ya faɗa. Ruwan da ke komawa yana da ja ta ƙarƙashi, ya kan tafi da gwani ma.

An gina alama a wurin, a kan kira shi inda ba a komowa. Na zauna a gindinta ina tunanin wani yaro kamarku, ɗan Zazzau ko Katsina, wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi gulbin garinsu ba, ya yi wata da watanni yana tafiya a ɗaure, rana ɗaya ya hau tudun nan ya ga abin da na gani.

Can Tsallaken Ruwa

In ka miƙe daga nan ka yi kudu maso yamma, ba ka sauka ba sai Barazil. A can akwai lardin Bahiya, inda aka kai Hausawa masu yawa a farkon ƙarni na 19, ta Ikko da Badagiri da Ajase da Wida. Ba su kwanta sun yi shiru ba. A 1807 aka tona wani shirin tawaye na Hausawa a birnin Salbado, a 1809 da 1814 kuma suka tashi sosai. Cikin Janairu 1835, a ƙarshen watan azumi, bayi Musulmi suka yi babban tawaye, yawancinsu Yarabawa, da Hausawa a cikinsu. Aka ci su, aka kashe waɗansu, aka kori waɗansu zuwa Afirka. A jikin waɗanda suka faɗi aka sami layu da takardu da rubutun Larabci, suna nan ajiye a Bahiya har yanzu. Wani wakilin Faransa a can, Kastelno, ya zauna da waɗansu bayi Hausawa yana tambayarsu labarin ƙasarsu, suka lissafa masa garuruwa da koguna da zango zango na hanya, ya buga littafi da maganarsu a 1851. Kun ga ashe rijiyar nan ba ta ci su ba. Barazil ta hana shigo da bayi a 1850, ta 'yanta na cikinta duka a 1888.

Abin Da Za Mu Riƙe

Yana da sauƙi mu tsaya bakin tekun nan mu zagi Turawan da suka kawo jirage, sun kuwa cancanci zargi. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Baturen jirgi bai je Zazzau ya kamo yaron nan ba. Wani ne ya kama shi, wani ya saya, wani ya ba ayarin masauki, wani ya karɓi fito a bakin Kwara, duka kuwa baƙaƙe ne irinsa. A ƙasarmu ma an yi kasuwar bayi har farkon ƙarni na 20. Dokar 1901 ce ta ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu na shekarar ɗa ne, ba a kuwa soke bauta ɗungum a Arewa ba sai 1936. Kada kuma ku ce abin ya wuce har abada. A 2017 duniya ta ga hotunan samarin Afirka ana cinikinsu a Libiya, waɗanda dillalai suka ruɗa da alkawarin aiki a Turai.

Saboda haka, samari da 'yan mata, ku da Allah ya ba ku karatu, ku yi abin da mutanen Bahiya suka yi, ku riƙe sunayen garuruwanku da labarin kakanninku, ku kuma rubuta. In an yi hutu ku tambayi tsofaffin gidanku daga ina aka zo, wa ya tafi bai komo ba. Wanda ya sami hali cikinku ya je Badagiri, ya sha ruwan kwakwa, ya yi wasa a kan rairayi, ba laifi. Amma ya taka hanyar Giberefu da ƙafarsa, ya yi addu'a ga waɗanda suka riga shi takawa. Allah ya jiƙansu, ya kiyashe mu da sayar da ɗan'uwa saboda abin duniya, amin.